Daga Kano zuwa Tiga a kan keke ba tare da bin kwalta ba: yaya ake tsara tafiyar?

Mahayin Gwauron Dutse:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin hanyoyin karkara a kan keke. A cikin birnin Kano nake zaune, kuma na saba fita da sassafe ranar Asabar in yi kilomita 30 zuwa 40 a kan titi in dawo kafin rana ta take, amma yawan manyan motoci da gudun motocin haya a hanyar Zariya sun sa hankalina ya daina kwanciya da kwalta. Abin da nake so yanzu shi ne doguwar tafiya ta kwana, wadda za ta fara daga ƙofar gidana ta kuma ƙare a nan, ba sai na ɗora keke a mota an kai ni wani gari ba.

Niyyata ita ce in je madatsar ruwa ta Tiga ta hanyoyin gona da burtali, in ratsa ƙasar Kura da Bunkure da Rano, in kwana ɗaya, washegari in juyo. A kan titi nisan kusan kilomita 70 ne, don haka na ƙiyasta cewa kwana biyu za su isa zuwa da dawowa. Inda na tsaya shi ne wajen fitar da hanya, domin duk lokacin da na tambayi Google Maps sai ya mayar da ni kan babban titi. Kekena mai giya ne, tayarsa inci 26. Ina so a ba ni haske a kan lokacin da ya fi dacewa, da yadda ake gano hanyar da za ta ɓulle, da kayan da ya wajaba in ɗauka, da kuma batun masauki. Na gode.

Tsohon Mahayi:

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka zaɓi wuri mai kyau, amma lissafinka na kwana biyu an gina shi ne a kan awon titi, kuma awon titi ba ya aiki a hanyar ƙasa. Hanyar gona ba ta miƙewa. Tana zagaye kowace gona, tana shiga kowane ƙauye, tana kauce wa kowane kwazazzabo, shi ya sa kilomita 70 na kwalta suna iya zama 90 ko fiye idan ka bi ta ciki. Gudun ma yana raguwa. Wanda yake yin kilomita 20 a awa a kan titi, da wuya ya wuce 12 ko 13 a hanyar marmara idan yana ɗauke da kaya, kuma idan ya faɗa jigawa mai zurfin yashi sauka zai yi ya tura, ya koma tafiyar mai ƙafa. Saboda haka ka daina tambayar kilomita nawa ne, ka riƙa tambayar awa nawa ne. A watan Disamba rana tana fitowa wajen bakwai saura, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Idan ka cire lokacin sallah da cin abinci da faci da tambayar hanya, abin da zai rage maka na tuƙi bai fi awa bakwai ba, kuma mutumin da iyakarsa kilomita 40 a titi bai kamata ya cinye su duka a rana ta farko ba, sai in ya riga ya horar da jikinsa. Ni kwana uku zan ba ka.

Babbar garaɓasar tafiya kusa da gida ita ce ba dole ba ne ka san hanyar duka a rana ɗaya, kuma wannan ne abin da masu ɗoki suke tsallakewa. Ka yanka hanyar gida uku ko huɗu, ka yi amfani da Asabar ɗin da ka saba fita wajen duba kowane yanki shi kaɗai. Mako na farko ka fita daga gari zuwa Tamburawa ka nemi hanyar bayan gari da ta fi ƙarancin ababen hawa. Mako na biyu ka wuce zuwa ƙasar Kura ka dawo. Yankin da ya yi maka nisa, ka shiga mota da keken zuwa Bunkure ko Rano, ka zagaya, ka dawo a mota. Duk inda ka bi, ka bar waya tana ɗaukar sawunka, ka kuma rubuta inda ka ga rijiyar burtsatse mai aiki, da mai faci, da mai shayi, da masallacin da ke da inuwa. Ranar babbar tafiya haɗa guntayen da ka riga ka sani kawai za ka yi.

Game da taswira, ka daina neman manhaja ta zaɓar maka hanya. Ka buɗe hoton tauraron ɗan'adam a kwamfuta ko a waya mai faɗin fuska, ka bi hanyar da idonka. Hanyar da ta fito ja-ja galibi marmara ce, tana da daɗin tuƙi. Wadda ta fito fari fat kuma ta yi faɗi ba bisa ƙa'ida ba, yashi ne, kuma faɗin nata ya samo asali ne daga yadda masu babura suke kauce wa tsakiyarta. Layin bishiyoyi da ya tafi a karkace alama ce ta rafi ko fadama. Ka tuna cewa hoton yana iya zama na shekarun baya ko na wani yanayi dabam, saboda haka shaida ce kawai, ba hukunci ba. Bayan haka ka sauke manhajar OsmAnd ko Organic Maps, waɗanda ke aiki da taswirar OpenStreetMap ko da babu sabis, ka adana hanyar da ka zana a ciki.

Abu biyu za su tsara maka hanyar ko ka so ko ka ƙi. Na farko kogi ne. Tun da aka kammala Tiga a 1974, ruwan da ake saki daga madatsar ya sa kogin Kano ba ya ƙafewa da rani kamar sauran rafukanmu, don haka kada ka zana layi ya ratsa shi a kan zaton za ka taka yashi ka wuce. Ka fara tantance gadar da za ka hau, sannan ka ɗinka sauran hanyar a jikinta. Gadar Tamburawa za ta tilasta maka ɗan taka kwalta, kuma babu laifi a wannan. Ka tsallake ta da sassafe ka sauka daga kwaltar. Na biyu iska ce. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take busowa, kai kuma kudu ka nufa, ma'ana za ta tura ka a tafiya, sannan ta tare ka a dawowa lokacin da ƙafafunka suka riga suka gaji. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka yi zuwan a rana ɗaya idan jikinka ya ɗauka, ka raba dawowar gida biyu.

Ɗan Kadawa:

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Ni a yankin da kake son ratsawa aka haife ni, kuma har yanzu ina noman rani a can, don haka zan yi magana a kan ƙasar da mutanenta.

A ganina, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa. Da damina, musamman a Agusta, laka za ta cushe tsakanin taya da jikin keke har ta hana shi juyawa, kuma mashigin da ka tsallake da safe yana iya cika kafin la'asar. Da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40, ba lokacin wannan aiki ba ne. Sai dai akwai abin da mutumin birni ba ya kawowa a ransa, wato a ƙasar Kadawa, yankin noman rani da ke kusa da Kura, rani ba ya nufin bushewa. Lokacin da sauran ƙasa ta bushe ƙamas, mu a lokacin muke ban ruwan alkama da tumatir da albasa, kuma ƙananan hanyoyin da ke tsakanin gonaki sukan jiƙe sharkaf duk ranar da aka buɗe ruwa. Mafita ita ce ka bi hanyar da ke gefen babban kanal, wato magudanar da ke kawo ruwan noman rani. Hanya ce da aka yi domin ma'aikatan hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are. Tana kan tudu, ba ta da hawa da gangara, kuma muddin kana tafiya kana fuskantar inda ruwan yake fitowa, to wajen madatsar Ruwan Kanya da Tiga ka dosa, ba za ka ɓata ba. Ka dai lura da motocin kwandunan tumatir da ke jigila zuwa kasuwar Kwanar Gafan, domin idan kaka ta kama suna tayar da ƙura, kuma direbobinsu a gaggauce suke.

Burtali kuma na shanu ne kafin ya zama naka. Idan ka hangi garke yana tahowa, ka sauka daga keken ka koma gefe tun da nisa, kada ka buga ƙararrawa, kada ka kutsa tsakiyarsu, ka gaida makiyayin ka bari su wuce. Haka nan kada ka taka kunyar gonar kowa don gajarta hanya, ko da ka ga an riga an girbe, domin wani ya bar wake ko rogo a ciki, wani kuma karansa ne ya tara.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yadda za ka shiga gari. Zamanin da muke ciki ya sa baƙon da ya ɓullo ta bayan ƙauye da jakunkuna a kan keke, da hular kwano, da baƙin tabarau, da ƙyalle a fuska, yana kallon waya yana waige-waige, dole a sa masa ido, kuma mutanen ba su yi laifi ba. Tun kafin ka isa gidajen farko ka sauke ƙyallen, ka cire tabarau, ka rage gudu. Ka yi sallama ga dattawan da ke zaune a gindin bishiya ko ƙofar masallaci, ka faɗi sunanka da unguwarku a Kano da inda ka nufa. Da zarar ka yi haka, su da kansu za su ce maka kada ka bi ta nan, gada ta karye, bi ta can. Idan 'yan sintiri suka tsayar da kai, ka tsaya ka nuna katin shaidarka ba tare da gardama ba. Kada ka ɗauki hoton gidaje ko mata a bakin rijiya, kuma a jikin madatsar ma ka nemi izinin masu gadi kafin ka ɗaga waya.

Batun kwana kuwa, ka cire tunanin kafa tanti a daji. A nan ba a san wannan ba, kuma zai jawo maka zargi da haɗari a lokaci guda. Ko dai ka kwana a masaukin baƙi a gari babba kamar Rano, ko ka nemi wani wanda yake da ɗan'uwa a hanyar ya haɗa ku tun kafin ka taso, wanda ba zai yi wa mazaunin Kano wuya ba. Idan dare ya riske ka a ƙauyen da ba ka san kowa ba, ka nemi mai unguwa ko dagaci tun da sauran haske, shi zai sa a ba ka zaure. Ka ajiye ɗan goro ko sukari na alheri a jakarka. Sannan ka tsaya a Tiga, kada sha'awa ta ja ka kudu zuwa dajin Falgore, kuma ana gobe za ka tashi ka kira wanda ke yankin ka ji halin da ake ciki a makon, domin labarin tsaro na watan jiya ba ya amfani.

Mai Gyaran Keke:

Malam, tayarka ta inci 26 alheri ce, kada wani ya ruɗe ka ka canza. Ita ce za ka iya samun tif ɗinta a garuruwan hanya, amma masu 27.5 da 29 sai sun dawo birni. Ka duba bawul ɗinka: idan siririn nan ne mai ɗan kusa a kai, famfon mai facin babur ba zai kama shi ba, don haka ka koma mai kauri irin na babur, ko ka riƙe ɗan mahaɗinsa a aljihu.

Babban abokin gabarka ƙaya ce. Tsaidau yana kwance a gefen hanya inda ba ka ganinsa, kuma duk inuwar da za ta ba ka sha'awar hutawa, ta aduwa ce ko bagaruwa ko magarya, ƙarƙashinta cike yake da ƙaya. Ka ajiye keken a kan hanya ko ka ɗaga shi ka kai shi inuwar, kada ka tuƙa shi ciki. Ka sa taya mai kauri wadda ba ta suɗe ba, ka tsaga tsohon tif ka shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tif. Ka ɗauki tif biyu, da faci da sholisho wanda ba a taɓa buɗewa ba, domin buɗaɗɗe yana bushewa a jaka, da famfo, da sifana, da filaya, da mahaɗin sarƙa. Duk lokacin da ka yi faci, ka zagaya da ɗan tsumma ta cikin tayar har sai ya maƙale a kan ƙayar, ka zare ta da filaya. Idan ka bar ta a ciki, sabon tif ɗin ma ba zai kai ƙauye na gaba ba.

A cikin yashi ka rage iska kaɗan, ka koma giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, ka mayar da nauyinka baya, kada ka ƙanƙame kan keken. Sarƙa kuma kada ka yi mata wanka da baƙin mai, domin ƙurar hunturu tana haɗuwa da shi ta cinye haƙoran giya. Ɗigo kaɗan, sannan ka goge da tsumma kowace safiya. Kayanka su hau kariyar keken, ba bayanka ba, ka ɗaure su da roba yadda ba abin da zai leƙa cikin sifok. Ka kawo keken a duba birki da boris da sifok mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, domin ka samu damar gwada gyaran.

Malamar Asibiti:

Ina da ƙari ta fuskar lafiya, tun da hanyar da aka ba ka ta gefen kanal ce. Ruwan zai kasance a gefenka tsawon yini, kuma za ka ga yara suna iyo a ciki, amma kada ka sha, kada ka yi wanka, kada ka yi alwala da shi idan kana da wani. Yankunan ban ruwa irin wannan an san su da tsargiya, cutar da ke kawo fitsarin jini, kuma ƙwayar tana shiga ta fata ne ko da ba a sha ruwan ba. Ruwan shanka ya zama na burtsatse ko na leda.

Hunturu yana yaudara, domin iskar busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sanyi kuma yana ɗauke ƙishirwa. Ka riƙa kurɓa a kai a kai, kusan rabin lita a kowace awa, fiye da haka idan rana ta buɗe, kuma kada ka bar wurin ruwa da ƙasa da lita 2 a jikin keken. Idan fitsarinka ya yi duhu ko ya ɗauke, ko kanka ya fara sarawa, ka tsaya a inuwa ka sha ruwan gishiri da sukari. Na leda da ake sayarwa a kantin magani ya fi, idan kuma babu, ana haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Jiri ko rikicewar tunani alama ce ta dakatar da tafiyar gaba ɗaya a nemi asibiti. Ka ci abinci tun kafin yunwa ta kama ka: dabino, gyaɗa, ƙuliƙuli da gurasa ba sa lalacewa a jaka. Ka riƙe bandeji da maganin wanke ciwo da man shafawa saboda tsagewar leɓe, kuma ka tabbatar allurarka ta tetanus ba ta tsufa ba.

Mahayin Gwauron Dutse:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na mayar da shirin kwana uku a tsakiyar Janairu, kuma zan fara duba yankin Tamburawa a wannan Asabar ɗin. Wani abokin aikina ɗan Rano ne, ya ce zan sauka a gidan yayansa. Tambaya ɗaya ta rage mini, Baba Tsohon Mahayi: abokan hawana ba su da sha'awar hanyar ƙasa, shin in tafi ni kaɗai, ko in jira sai na sami abokin tafiya?

Tsohon Mahayi:

Duba hanya na yini guda kana iya yinsa kai kaɗai, tun da kana kusa da gida kuma a cikin mutane kake. Tafiyar kwana kuwa na fi son ku zama biyu ko uku, ba fiye da haka ba, domin ayari babba yana yawan tsayawa, kuma yana yi wa mai masauki nauyi. Ba lallai ne abokin ya fito daga cikin masu hawan titi ba. Ka tambayi abokin aikin naka ko akwai wani saurayi a gidansu da ya saba zuwa kasuwanni a kan keke. Irin wannan ya san kowace turba, an san fuskarsa, kuma zai iya tarar ka a Bunkure ya raka ka yankin da ba ka sani ba, ka sallame shi da abin da ya dace.

Ko da wa za ka tafi, ka bar wa iyalinka takarda mai ɗauke da sunayen garuruwan da za ka ratsa da lokacin da kake sa ran isa kowanne, da lambar mai masaukinka, ku kuma yi alkawarin kira a azahar da magariba. A kowane yanki ka san hanya mafi kusa da za ta fitar da kai titi, inda za ka sami motar da za ta ɗauke ka da keken, ka ware kuɗin motar a aljihu dabam, tsaba, domin ba ko'ina ake samun sabis na tura kuɗi ba. Ka sa wa kanka ƙa'ida tun daga gida cewa idan la'asar ta yi ba ka kai wuri kaza ba, titi za ka nufa, kuma kada ka sake tattauna ƙa'idar da kanka a hanya lokacin da gajiya ta shiga. Kafin Janairu, ka ɗora wa keken dukkan kayan da za ka tafi da su, da ruwan cike, ka yi kilomita 60 a hanyar ƙasa ranar Asabar, sannan ka sake hawa ka yi 30 ranar Lahadi da safe. Yadda ka ji jikinka a wannan Lahadin shi zai nuna maka ko zuwan zai yiwu a rana ɗaya, ko kuwa sai ka kwana a Rano ka ƙarasa Tiga da safe.